Koren taki a ƙasa mai sanyi: wanne ke tsirowa, wanne ke ruɓewa, wanne ya kamata ka zaɓa

Duk wanda ya taɓa shuka koren taki, ina nufin irin shukar nan da ake yi ba don girbi ba sai don a huɗe ta ta koma cikin ƙasa ta zama taki, ya san kusan kullum a ƙurarren lokaci ake yinta. Babban amfanin gona shi ke cinye watannin ɗumi, shi kuma koren taki sai dai ya samu ragowa, ko dai bayan an kwashe amfani sanyi ya fara kunno kai, ko kuma gabanin shuka tun sanyi bai gama fita daga ƙasa ba. Shi yasa tambayar wane iri ne zai tsiro a ƙasa mai sanyi take da nauyi sosai, don in ka ɗauko wanda bai dace ba to iri ya tafi, wahala ta tafi, gonar kuma ta zauna tsirara ruwa da iska suna kwashe mata ƙasa, alhali abin da kake gudu kenan tun farko.

In an ce maka iri kaza yana jure sanyi, to magana uku ce aka dunƙule wuri ɗaya. Akwai sanyin da ƙwaya za ta iya tsirowa a cikinsa, akwai sanyin da ɗan tsiron da ya leƙo jiya-jiya zai ɗauka bai ƙone ba, sannan akwai sanyin da shukar da ta riga ta kafu za ta ratsa har fitar hunturu. Ba dole iri ɗaya ya haɗa ukun ba, kuma gaskiya yawancin asarar daga nan take, mutum ya ji ance shukar tana jure digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyus sai ya ɗauka ai kenan ko yaushe ya yafa za ta fito, bai san wancan lambar ta shukar da ta yi saiwa ta saba da sanyi a hankali bace, ba ta ƙwayar da ke kwance cikin ƙasa ba.

Busasshiyar ƙwaya ita kam ba ruwanta da sanyi. Rumbun ajiyar iri na duniya da ke Svalbard a ƙasar Norwe, wanda aka buɗe a 2008, a digiri 18 ƙasa da sifili yake ajiye iri, kuma sanyin ne ma ke sa su daɗe. Matsala tana farawa ne daga sanda ƙwaya ta fara shan ruwa. A kwana ɗaya zuwa biyu na farko tana zuƙar ruwa da sauri tana kumbura, tantanin da ke cikinta wanda ya bushe yana komawa daidai, to in ruwan nan yana da sanyi, kamar ƙasa da digiri 10, irin da asalinsu na ƙasashen zafi ne irin su wake da waken soya da masara tantaninsu baya haɗewa da kyau, sai ƙwayar ta riƙa yoyon sukari da sauran abincin cikinta kamar buhun da ɗinkinsa ya saki, wannan yoyon kuma shi ke kirawo funfunar ƙasa, musamman wadda ake kira Pythium mai son wuri mai sanyi da danshi. In ka tona bayan mako biyu zaka tarar ƙwayar ta kumbura ta yi laushi, kana matsawa ta fashe da ruwa mai wari, ko kaga ɗan farin saiwar ya fito ya murɗe ya tsaya nan. Hatsin rai (rye, hatsin ƙasashen sanyi mai kama da alkama) da ots (oats, shi ma hatsi ne) da fis (peas, dangin wake mai zagayayyar ƙwaya) basu da wannan raunin sosai, tantaninsu yana aiki ko a ruwan sanyi.

Ga lambobin da aka saba gani a jadawalin malaman gona, musamman na Amurka, na mafi ƙarancin zafin ƙasa da iri zai tsiro. Hatsin rai ne a gaba, daga wajen digiri 1 yake fara motsi. Alkama da sha'ir da ots wajen digiri 3. Mustad da kanola ('yan dangin kabeji) da fis na gona da jan kuloba da farin kuloba (ƙananan dangin wake masu ganye uku-uku) duk suna tsakanin 4 da 5, barsim (shi ma wani kuloba ne) ya ɗan ɗara su kaɗan, radish (mai dogon saiwa, dangin kabeji) wajen 7, bokwit (buckwheat, shuka mai faɗin ganye da ake cin ƙwayarta kamar hatsi) 10, wake 14, dawar da aka barbara da ciyawar Sudan kuwa sai 18. Ful (faba, wake mai babbar ƙwaya) da fasiliya (phacelia, shuka mai fure shuɗi-shuɗi) suma suna cikin na ƙasa-ƙasa, wajen 3 zuwa 5. Sai bechi mai gashi, wato Vicia villosa, wani dangin wake mai yaɗo, wanda jadawalin ya ba wajen digiri 15, kuma wannan zamu dawo kansa don shi ne ya fi ruɗa mutane.

Amma fa kar lambar nan ta yaudare ka. Cewa iri yana tsirowa a digiri 3 ba yana nufin zaka ga kore cikin mako ba. Iri yana tara zafi ne kullum kaɗan-kaɗan har ya cika abin da yake buƙata. Ɗauki alkama, wadda take fara ƙirga daga sifili: in ka riƙa tara matsakaicin zafin ƙasa na kowace rana, tana son jimlar ta kai kusan 80 kafin ƙwaya ta tsaga, sai kuma kusan 50 ga kowane santimita 2.5 na ƙasar da za ta huda, to in ka shuka ta a zurfin santimita 3 zuwa 4 kana maganar wajen 150 kenan. In matsakaicin zafin ƙasa digiri 15 ne, kwana 10 ta leƙo. In 5 ne, kwana 30. In 3 ne, kwana 50. Kaga duk a cikin "yana iya tsirowa" ake, amma wata guda ƙwaya na kwance a jiƙe, tsuntsu na nema, ɓera na nema, katantanwa na jira, funfuna na aiki, ba ɗaya bane da kwana 10. Wake da dawa su kuma basa fara ƙirga sai daga wajen digiri 8 zuwa 10, shi yasa a ƙasa mai digiri 11 alkama na gudu su kuwa kusan a tsaye suke. Ni a ganina in kana son tsiro mai kyau ka ƙara digiri uku ko huɗu a kan lambar jadawali, sai dai hatsin rai wanda ake iya yi wa ganganci.

To bari mu tsaya kan hatsin rai ɗin, don shi ne kowa ke komawa gare shi in lokaci ya ƙure. Shi ne ya haɗa ukun nan da na faɗa. Yana tsirowa dab da daskarewa, ɗan tsironsa baya damuwa da daskararriyar raɓa, in kuma ya kafu ya saba da sanyi yana ratsa har wajen digiri 30 ƙasa da sifili, babu wani hatsi da ya kai shi. Yana fitowa da ɗan ja-ja ko shuɗi-shuɗi a gindi, kar ka ɗauka cuta ce, haka kalarsa take. Ko ka makara har ya zama ganye ɗaya ko biyu kawai ya yi kafin ƙasa ta daskare, da sanyi ya fara sassautawa shi ne farkon tashi. Sai dai wanda aka shuka a makare baya samun yin 'ya'ya daga gindi sosai, don haka sai ka ƙara yawan iri, kuma kar ka sa ran zai rufe maka ƙasa a lokacin hunturun, rufin sai daga baya. Illarsa ba ƙarama bace kuma. Baya ƙara naitirojin, wato sinadarin takin da ke sa amfani ya yi kore, wanda ya tarar a ƙasa yake tsotsewa ya riƙe, wanda abu ne mai kyau don ruwa baya wanke shi, amma in ka bar shi ya fidda kai ya yi kara to ya zama aiki. Yana ɗanye, in aka kwatanta kabon ɗinsa, wato sinadarin da ya fi yawa a kara, da naitirojin ɗinsa, wajen 26 ne bisa 1, in ya yi fure ya kai 37 bisa 1, busasshen karansa ya haura 80 bisa 1, alhali ƙananan halittun ƙasa masu ruɓar da shi wajen 24 bisa 1 suke so, duk abin da ya haura haka daga ƙasarka za su ranci naitirojin su cike, amfanin da ka shuka bayansa sai ya yi rawaya. Sannan yana fitar da wasu sinadarai masu danne tsiron ƙananan iri, wanda ke taimakawa wajen kashe ciyawa amma baya bambance ciyawa da kayan lambu, shi yasa ake jira mako biyu zuwa uku bayan an huɗe shi. Kuma wajen saye ka tabbatar hatsin ne, don akwai wata ciyawa Lolium da ake sayarwa da suna mai kama, ita ƙwayarta ƙanana ce, tsironta siriri, bata kai shi jure makara ba ko kusa.

Ots shi kuma labarinsa daban. Yana tsirowa a sanyi lafiya lau, yana tashi da sauri fiye da hatsin rai in akwai ɗan ɗumi, amma in sanyi ya kai wajen digiri 7 zuwa 10 ƙasa da sifili ya mutu. Wasu na ganin wannan rauni ne, ni kuwa ina ganin ga mai ƙaramin fili ko mai aiki da hannu alheri ne babba, don sanyi ya yi maka aikin kashewa, ya kwanta ya zama shimfiɗa a kan ƙasa, lokacin shuka kawai ka buɗa ka saka iri. Sharaɗin dai shi ne ya samu kamar mako shida zuwa takwas yana girma kafin sanyin kisa, in ba haka ba ɗan tsiro ne zai mutu bai bar maka komai ba. Don haka a ƙarshen kaka ots baya maye gurbin hatsin rai, amma a fitar sanyi, sanda ƙasa ke ɗumama kullum, ots ya fi, don hatsin rai na hunturu in bai sha sanyi ba baya miƙewa, yana zama a ƙasa ne. Alkama da sha'ir suna tsakiya, alkamar hunturu tana ratsa sanyi, tana jinkirin yin kara don haka ta fi sauƙin huɗewa, sha'ir kuma ya tsani ƙasa mai riƙe ruwa.

Yanzu dangin wake, masu ƙara naitirojin, wanda dama don su mutane da yawa ke shuka koren taki. Anan girman ƙwaya da yadda take tsirowa suna da tasiri sosai. Ful da fis da bechi da adas (lentil) in sun tsiro, ɓari biyun ƙwayar suna zama ne a cikin ƙasa, ɗan kan ne kawai ke hudowa sama, to ko sanyi ya ƙone abin da ya leƙo, akwai idanu a ƙasa da za su sake tofowa, abincin kuma yana nan a ɓoye. Kuloba da wake da waken soya da lufin (lupin) kuwa ɗago ɓari biyun suke yi sama da ƙasa, zuciyar shukar tana tsakaninsu, in sanyi ya cinye wurin nan shikenan babu ta inda za ta dawo. In ka je gona da safe bayan dare mai daskarewa ka duba fis, zaka ga kan ya yi laushi ya yi duhu kamar an zuba masa ruwan zafi, kar ka yi saurin yanke ƙauna, ba shi kwana biyar zuwa mako ka ɗan tona gefensa, sau da yawa zaka ga sabon farin tofo biyu na fitowa daga ƙasa.

Tsakanin ful da fis, in ƙasar laka ce mai nauyi da danshi ni ful nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Ƙwayarsa babba ce, ƙwaya dubu ta ƙaramin ful takan kai rabin kilo alhali ƙwaya dubu ta jan kuloba giram biyu ce ko ƙasa da haka, don haka yana da guzurin da zai zauna makonni cikin ƙasa yana turowa a hankali daga zurfin santimita 5 zuwa 8, inda tsuntsu baya kai masa. Nau'in hunturu suna ɗaukar wajen digiri 10 ƙasa da sifili, wasu ma sun wuce. Amma yana cin iri da yawa, kuma baya son zafi ko kaɗan. Fis ya fi shi saurin rufe ƙasa kuma yana tafiya da ots sosai don yana samun abin hawa, sai dai a ƙasa mai sanyi da ruwa ya kwanta fis ya fi saurin ruɓewa, musamman in ƙwayar ta tsattsage wajen sussuka, don ta tsagar nan ruwan sanyi ke shiga da ƙarfi.

Sai bechi mai gashi. Cikin dangin waken da ake yawan amfani da su shi ne ya fi kowa ratsa hunturu, in ya kafu yana wuce digiri 20 ƙasa da sifili, kuma ganyensa cike yake da naitirojin, kabon da naitirojin ɗinsa wajen 11 ne bisa 1, yana ruɓewa da sauri ya ciyar da amfanin da ke biye. To saboda wannan sunan da ya yi sai mutane su yafa shi a makare tare da hatsin rai suna ganin ai duk 'yan sanyi ne. Ba haka bane. Ƙwayar bechi ɗumi take so wajen tsirowa, a ƙasa mai sanyi tana fitowa ne jefi-jefi a hankali, tsiron siriri kamar zare, kuma yana buƙatar kamar kwana 30 zuwa 45 kafin sanyin kisa don ya yi saiwa. Wanda bai samu haka ba, daskarewa da narkewar ƙasa ke tumɓuke shi ta bar saiwar a waje ta bushe. Ƙari kuma wani kaso na ƙwayarsa yana da taurin ɓawo, baya tsirowa a shekarar, sai ya ɓullo maka daga baya cikin alkama ya zama ciyawa. Ɗan'uwansa Vicia sativa ya fi shi saurin tashi amma bai kai shi jure hunturu ba, shi yasa aka fi sa shi a fitar sanyi.

Kuloba abin sha'awa ne ta wani ɓangaren. Jan kuloba ana yafa shi a kan daskararriyar ƙasa a ƙarshen hunturu, cikin alkamar da ke tsaye, manoma a Kanada da arewacin Amurka sun daɗe suna yi. Dare ƙasa ta daskare ta tsattsage, rana ta narke ta rufe, a haka ƙananan ƙwayoyin ke shigewa da kansu ba garma ba komai, su zauna har ƙasa ta kai digiri 5 su tsiro. Wannan dabarar da jan kuloba da farin kuloba take aiki, kuma ta fi kyau a ƙasar laka fiye da ta yashi don yashi baya tsagewa. Barsim kuwa, wanda ake nomawa sosai a Masar da Indiya da Pakistan a lokacin sanyinsu, yana tsirowa a ƙasa mai sanyi-sanyi yana girma da sauri, amma daskarewa mai ƙarfi na kashe shi. Duk kuloba dai kar a binne shi fiye da santimita 1.

Abu ɗaya da ya shafi dangin waken gaba ɗaya: tsirowa daban, ƙara naitirojin daban. Bakteriyar raizobiyom da ke yin gudajin nan a saiwa tana yin sanyin jiki sosai in ƙasa ta sauka ƙasa da digiri 10, don haka fis na iya fitowa kore shar amma in ka tumɓuke ka duba babu gudaji, ko akwai amma ƙanana farare. Ka tsaga ɗaya da farce, in cikin ja ne ko ruwan hoda to aiki ake, in fari ne ba a fara ba. Wanda ya shuka dangin wake a sanyi ya huɗe bayan mako biyar, ganye ya samu, naitirojin ɗin da ya sa rai bai samu ba.

Mustad da radish da fasiliya zan haɗa su don gurbi ɗaya suke nema. Mustad shi ne mai gaggawa, yana tsirowa daga digiri 4 zuwa 5, ya rufe ƙasa kafin ciyawa ta farga, amma in rana ta yi tsawo sai ya yi saurin fure tun bai yi ganye ba, kuma dangin kabeji ne, yana ɗaukar cutar kumburin saiwa irin tasu, don haka in kabeji ko danginsa za su biyo baya a filin to ka manta da shi. Radish ya fi son ɗumi kaɗan, kuma amfaninsa a dogon saiwar da ke huda ƙasa ne, wanda bazai samu ba sai ya yi aƙalla mako shida kafin dararen digiri 5 zuwa 7 ƙasa da sifili su kashe shi, shuka radish a makare ɓarnar iri ce kawai. Fasiliya ita ce nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Tana tsirowa a ƙasa mai sanyi, tana ɗaukar har wajen digiri 7 ƙasa da sifili, ba ta da dangantaka da yawancin amfanin gona balle ta raba musu cuta, ƙudan zuma kuma na rububinta. Sirrinta dai duhu, haske na hana ƙwayarta tsirowa, in ka yafa ka barta a sarari za ta fito tsilla-tsilla ka zargi mai sayar da iri, a rufe ta da ƙasa santimita 1 zuwa 2. Zafin ƙasa mai yawa ma, kamar digiri 30, yana hana ta.

Bokwit, wake da danginsa na ƙasashen zafi irin su kurotalariya, mukuna da lablab, sai dawa da gero, waɗannan babu dogon bayani, ba na sanyi bane. Bokwit daren farko da raɓa ta daskare ya yi baƙi ya kwanta. Sauri ya haifi nawa a kansu, wanda ya jira ƙasa ta yi ɗumi ya shuka bayanka da mako biyu sai ya wuce ka. Kuma wannan ya shafi har wuraren da ƙanƙara bata sauka sam, kamar kan tuddai ko inda zafin dare ke komawa digiri 8 zuwa 12 a lokacin sanyi, rana da zafi amma ruwan ban-ruwa da ƙasar asuba da sanyi, nan wake ke fitowa da giɓi-giɓi yana rawaya, alhali fis da barsim da hulba da ots lokacinsu ne ma.

Abin da jadawali baya faɗa maka shi ne ina zafin ya dosa. Digiri 7 a fitar sanyi da digiri 7 a shigar sanyi ba ɗaya bane, na farko gobe ya fi yau, rana na ƙara tsawo, duk irin da ya jure makon farko ya tsallake. Na biyu kuwa kullum raguwa ake, abin da bai samu yau ba bazai samu gobe ba. Shi yasa nake cewa a fitar sanyi lambar tsirowa ce abin dubawa, a shigar sanyi kuma ka ƙirga makonnin da suka rage kafin daskarewa tukuna.

Kuma ƙasa ake aunawa ba iska ba. Ka samu ma'aunin zafi mai tsinke ka soka santimita 5, da safe, kwana uku ko huɗu a jere, a cikin gonar ba a gefen gida ba. Zaka yi mamakin bambancin da ke cikin fili ɗaya. Ruwa yana buƙatar zafi kusan ninki biyar na busasshiyar ƙasa kafin ya ɗumama, don haka kwari mai laka da danshi yana baya da kwanaki a kan tudu mai yashi, wurin da aka bar kara da ganye a kai ya fi wanda aka share sanyi, gangaren da ke kallon rana ya fi wanda ya juya mata baya. A ƙasa mai sanyi ka rage zurfin shuka kaɗan, in dai akwai danshi, don kowane santimita ƙarin kwanaki ne.

In kana da irin a hannu kana shakka, firij ya isa ya faɗa maka gaskiya, don yawanci yana wajen digiri 4 zuwa 5. Ƙirga ƙwaya 50, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma da aka matse, ka barbaɗa ɗan ƙasar gonarka a kai don funfunar wurin ta shiga gwajin, ka naɗe ka sa a leda ba tare da ka ɗaure tam ba. Yi biyu, ɗaya a firij ɗaya a ɗaki. Hatsin rai cikin mako ko makamancin haka zaka ga fararen saiwoyi sun leƙo, ots da fis su biyo, bokwit da wake su kumbura su zauna shiru. Bayan kwana 7 ka fito da na firij ka ajiye a ɗumi ka ga nawa suka farfaɗo, ka kwatanta da na ɗaki, giɓin da ke tsakani shi ne ɓarnar sanyi. Haka ɗakunan gwajin iri ke yi wa masara, kwana 7 a digiri 10 sannan a mayar digiri 25. Wannan gwajin ya fi amfani ga tsohon iri, don iri na iya tsirowa da kyau a ɗumi amma ƙarfinsa ya ragu, sanyi ne ke tona asirinsa, kuma hatsin rai na cikin waɗanda basa daɗewa a ajiye.

To wanne za a ɗauka? In kaka ta yi nisa, ƙasa ta sauka ƙasa da digiri 8 tana ci gaba da sauka, hatsin rai kawai, in sanyin wurinku baya wuce digiri 10 ƙasa da sifili ka iya ƙara ful na hunturu. In kana da mako shida ko fiye kafin daskarewa kuma ƙasa na da sauran ɗumi, nan ne bechi da hatsin rai suke haɗuwa da kyau, ko ots da radish in kana son sanyi ya share maka fili. In fitar sanyi ne ƙasa ta kai 5 zuwa 6 tana hawa, ots da fis, ko ful in laka ce, fasiliya ko mustad in tazarar gajera ce kafin babban amfani. In alkama na tsaye a gonar, jan kuloba a kan daskararriyar ƙasa.

Wajen haɗa iri biyu ko uku kuma, ranar shuka ka ɗauke ta daga wanda ya fi son ɗumi a cikinsu, in ba haka ba kuɗin irinsa ka zubar. Ka rage kason hatsin rai ko ots zuwa kamar rabin abin da zaka sa in shi kaɗai ne, don a sanyi hatsin ke riga fitowa ya shanye haske ya danne ɗan waken. Manyan ƙwayoyi irin ful da fis a fara saka su a zurfinsu, sannan a yafa ƙananan a sama a ja ƙasa kaɗan a danne.